Hoton Inna a Bakin Tur'a

Lokacin da nake yawon ɗaukar hoto a ƙauyukanmu na Jazira, fim ɗaya hoto talatin da shida yake ci, kuma sai na hau mota zuwa Managil kafin a wanke. Saboda haka ba na danna kamara da garaje. Sai na ƙare wa mutum kallo, na ga ta inda rana ta faɗo masa, na gama ganin hoton a zuciyata tukuna. Mutane suna mita, wai ina shanya su kamar kuɓewa. Ban damu ba, don da wuya nawa ya fito a lalace.

Mutum ɗaya ce ta gagare ni, Innata. Na ɗauki amare, na ɗauki masu neman takardar jinsiyya ta shaidar ɗan ƙasa, har jakin maƙwabcinmu ya samu shiga, amma ita ko kusa. Duk da haka hotonta ya yi shekara da shekaru a kaina: tana zaune bakin tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonarmu, bayan la'asar, lulluɓe cikin farin tobinta, auduga ta fashe a bayanta.

Sai yayana da ke aiki a Jidda ya aiko mini da kamarar dijital, da roƙo guda: hoton Inna, don ya shekara tara bai sa ta a ido ba. Kamarar nan ta lalata ni. Danna, duba, goge, sake. Cikin wata biyu na manta yadda ake jiran rana.

Saboda ɗanta Inna ta yarda. Ranar muna tsinkar auduga. Maimakon in jira la'asar, da tsakar rana na tsayar da ita na danna. Sannan, kamar yadda na saba yi wa kowa, na juya mata kamarar ta gani. Na manta rabonta da madubi tun rasuwar Baba.

Ta daɗe tana kallon ɗan gilashin. Rana ta zurma mata idanu, ta fito da kowane tamoji na fuskarta.

"Wagga tsohuwa ni ta?"

"Ke ce, Inna."

"Ita za ka aika ma yayanka? Shi gani hankalinai shi tashi? Goge ta, halas, shi ke nan."

Na goge da yatsa ɗaya, na ce gobe bayan la'asar za mu sake. Goben ta same ni a Rufa'a wajen biki, kwana uku. Na dawo na tarar zazzaɓi ya kwantar da ita, kuma ba ta ƙara tashi ba.

Har yau haushin kaina nake ji. Da fim ne, da na jira rana ta yi sanyi. Ko ban jira ba, da ba ta gani ba, da mummunan hoton ma yana hannunmu.

Bayan addu'ar bakwai yayana ya kira ni a waya. Ya ce, "Ka dai ɗauke ta ko?" Sai na ji bakina yana kwatanta masa tur'a, da farin tobi, da audugar da ke bayanta. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. To aiko mini."