Ranar Da Ɗan Koyo Ya Hau Baya

Yayana ya doshi sittin, kuma fiye da rabin shekarun nan a kan babur ya yi su, amma har gobe sunansa a layin masu sayar da babura Ɗan Koyo. Ba don bai iya ba. Aikinsa ne ya jawo masa. Shi ne mai gwaji a wani shago da ke sayar da babura na hannu. In mutum ya zo saye, musamman sabon shiga, Yaya ne zai hau ya zaga gari da babur ɗin, ya dawo ya ce "saya" ko ya ce "bari".

To amma fa ba tuƙin gwani yake yi ba. Tuƙin mai sayen yake yi. Da gangan zai saki kuloci da garaje har injin ya mutu a tsakiyar titi. Zai damƙe birkin gaba a kan yashi. Zai shiga kwana da giyar da ba ta dace ba, ya tsaya a danja yana jan ƙafa kamar wanda jiya ya fara. Direbobi su yi ta zabga masa hon suna zaginsa, shi ko a jikinsa. In ka tambaye shi sai ya ce, "Kowane babur ai mai ladabi ne a hannun gwani. Ni so nake in ga halinsa in ya faɗa hannun wanda bai iya ba."

Gwajin ƙarshe a bayan shago ake yin sa. Akwai wani ɗan fili da aka jibge tsofaffin tayoyi da wata yagaggiyar katifa. Nan Yaya zai kwantar da babur a hankali, ya ɗaga shi da kansa mai saye yana kallo, ya sake kwantar da shi, sannan ya ce, "To bismilla." Wanda ya kasa ɗagawa ba ya tafiya da shi. Mai Shago ya yi faɗa har ya gaji, don masu saye da yawa sun fita a fusace ba su dawo ba. Yaya bai taɓa sassautawa ba. Ya ce duk ɗan koyo sai ya faɗi, kuma ba kullum ake samun mai taimako a kusa ba.

Dokar kuma ba ta bar shi ba. Tun gashinsa yana baƙi wuluk yake faɗa yana dariya, "Ni ma ranar da na kasa ɗaga shi, ranar zan ajiye makulli." Mu ma dariya muke yi a lokacin.

Ni ce ƙanwarsa ta ƙarshe. A ɗakin wanki na asibiti nake aiki, cikin tururi da warin sabulu, ina ciro jiƙaƙƙun zannuwan gado daga inji ina lodawa a wani. In na tashi kuma ga motar haya tana jirana, ko in ce ni nake jiranta. Mota biyu nake shiga kafin in kai gida, a matse kamar kaya, kwandasta yana huci a ƙeyata. Na gaji. Wallahi gajiyar har ta daina yi mini kama da gajiya, ta zama kamar halina. Shi ya sa na koyi tuƙi a ƙaramin babur ɗin wata abokiyar aikina, na yi lasin, na ce in sha Allahu ni da kwandasta sai dai a hango juna.

Kafin in je shagon na biya gidan Yaya, ban same shi ba. Matarsa, wadda nake kira Anti, tana ninke kaya a bakin gado. Da na faɗa mata abin da ke tafe da ni sai ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Ki nemi ƙarami," in ji ta.

"Don me, Anti?"

"Ni nake saka masa takalmi yanzu. Bayan nan nasa ya ƙi. Da safe sai ya dafa bango yake miƙewa. Tun bara duk wanda ya zo, ƙaramin babur yake zaɓa masa, don shi ne yake iya ɗagawa. Mai Shago bai gane ba tukuna. Ke dai kada ki ce na faɗa miki."

Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa ba. Na ce, "To ya huta mana! Dole ne?"

Ta dube ni a gajiye. "In ya sauka daga babur, me zai zama? Ke kin taɓa ganin sa a ƙasa?"

Gaskiyarta. Ko a bikin aurena a kan babur ya gaisa da mutane.

Washegari da hantsi na je. Na tarar da shi a kan benci a ƙofar shago, hular kwanonsa a cinya. Na nuna wani ƙaramin babur fari mai kwando a gaba, na ce shi nake so, na gama magana.

Ya dubi babur ɗin, ya dube ni. "Auta, har yanzu ta babbar gada kike bi?"

"Ta nan hanyar take, Yaya."

"Wannan in tirela ta gifta ki a kan gadar nan, iskarta kaɗai ta ishe ki. Ba zan ba ki shi ba."

"Ni shi nake so."

"Ke da taurin kai tun kina rarrafe."

"A ina na koya?"

Ya miƙe, a hankali, yana yi kamar hular yake gyarawa. Ya wuce manyan da ke jere a gaba, ya ce waɗannan sai su karya mini ƙugu. Ya tsaya a gaban wani shuɗi matsakaici, bai kai manyan ba, ya kuma fi ƙananan nesa ba kusa ba. Ya ɗora tafin hannu a kan tankin ya daɗe bai ɗauke ba. Na san abin da yake aunawa, kuma ba ni yake aunawa ba.

"Wannan ne naki," ya ce. "Ɗauko hula."

Ya goya ni muka fita. Ban taɓa shan kunya a titi irin ta ranar ba. A danjar farko ya kashe shi da gangan, motoci suka taru a bayanmu. Wani direba ya leƙo ya ce, "Baba, in ba ka iya ba ka koma gida mana!" Na buɗe baki zan wanke shi tas, Yaya ya ce, "Yi shiru, saurari injin." Ya taɓa sitata sau ɗaya, ya tashi. "Kin ji? Ba ya riƙe mutum a zuci. Wani in ya mutu da zafi sai kin roƙe shi."

Muka shiga cunkoson bakin kasuwa. Ya ce in lura da ƙafata, ko zafin injin yana dukan ta. Yana duka, amma ba mai hana zama ba. Ya bi ta wani lungu da ruwan wanki ya kwanta, ya juya a wurin da ko amalanke sai ta yi dabara. Ya damƙe birkin gaba a kan tsakuwa har hulata ta bugi tasa. Babur ɗin ya ɗan yi gefe ya dawo.

"Yaya, kashe ni za ka yi?"

"Da wani ne da yanzu muna ƙasa. Wannan yana da haƙuri."

A kan gada wata tirela ta wuce mu da ƙarfi, rigata ta cika da iska, babur ɗin bai ko girgiza ba. Yaya ya ɗaga kai ya dube ni ta madubi.

A wani titi marar mutane ya sauka ya ba ni. Ƙafafuna biyu sun kai ƙasa, ko da yake da ƙyar dugadugaina suka taɓa. Kulocin da laushi, totur ɗin ba ya fizga. Na je na dawo, na je na dawo, ya mutu mini sau ba adadi. Duk lokacin da na waiwayo sai in gan shi jingine da sandar fitila, hannu ɗaya a ƙugu. Da ya ga ina kallo sai ya sauke hannun.

Da muka koma, kai tsaye ya zagaya bayan shago. Ba kowa a filin. Na ce, "Yaya, ni fa 'yar gida ce, a bar wannan."

"'Yar gida ba ta faɗuwa?"

Ya kashe injin, ya sa giya, ya kwantar da shi a kan katifar yana cije leɓe. Sai ya ja baya ya ce, "Ɗaga." Bai nuna mini ba. Shi da bai taɓa barin mai saye ya taɓa babur a kwance ba sai ya fara ɗagawa.

Na yi murna a raina, na ce bari in ɗaga maza mu wuce wurin. Na sunkuya na kama hannun babur ɗin na ja kamar yadda nake jan zanin gado. Ko motsi. Na sake. Ya ɗan taso ya koma, ya kusa danne mini yatsa. Haushi ya kama ni, na ce masa duk wanda ya ƙera wannan abu bai san darajar bayan mutum ba.

"Ba haka ake yi ba," in ji Yaya. "Matsa."

"Faɗa mini da baki kawai."

"Auta, matsa na ce."

Na matsa. Ya juya wa babur ɗin baya, ya durƙusa a hankali har ƙugunsa ya jingina da gefen kujerar. Ya kama hannun babur da dama, ya kama ƙarfen baya da hagu. Ya ja numfashi ya tura. Babur ɗin ya taso kamar zai miƙe, ya kai rabi, ya tsaya. Na ga ƙafafunsa suna rawa. Na ga jijiyar wuyansa. Na kai hannu zan tallafa, ya daka mini tsawa, "Kar ki taɓa!" Ya riƙe shi a nan, ya riƙe, sannan ya mayar da shi ƙasa a hankali, don ko a hakan bai yarda ya sake shi ya bugu ba.

Ya zauna a kan wata taya yana haki. Zufa tana ɗiga daga gemunsa. Tausayi ya kama ni har na ji kamar in zage shi.

"Rana ce ta yi zafi," na ce. "Kuma ka yi ta yawo da ni tun hantsi. Gobe da sanyin safiya…"

"Juya masa baya," ya ce.

"Yaya…"

"Juya. Durƙusa. Ƙasa kaɗan. Ba da baya ake ɗagawa ba, da cinya. Ɗaga kanki ki dubi rufin can. To, tura ƙasa da ƙafa, ki riƙa takowa baya kaɗan-kaɗan. Kada ki yi sauri. Haka. Haka!"

Sai ga shi a tsaye. Ni kaina na yi mamaki. Na kafe shi, na tsaya ina huci. Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

"Saya," in ji Yaya.

Na zo na tsuguna a gabansa. "Ba wanda ya gani. Wallahi ko Anti ba zan faɗa wa ba."

Ya goge fuska da gefen riga. "Ni na gani."

"To sai me? Doka ce daga sama? Kai ka kafa ta, kai za ka sauke ta!"

"Mutum nawa na kora daga filin nan saboda ita? Da wane ido zan dube su a titi?"

Ya miƙo hannu, na ja shi ya tashi. Wannan ma bai taɓa faruwa ba.

A cikin shago akwai wani katako da aka jera wa ƙusoshi, inda ake rataye makullan baburan sayarwa. Yaya ya zaro makullin tsohon baƙin babur ɗinsa da ya girmi 'ya'yana, ya rataye a ƙusar da aka cire nawa. Mai Shago ya ɗago kai.

"Ɗan Koyo, lafiya?"

"Lafiya lau. A wanke babur ɗina kafin a fito da shi gaba. Kuma duk wanda zai saya, a kira ni in ga ya ɗaga."

Mai Shago ya dubi makullin, ya dube ni.

A waje na ce bari in tsayar masa da mota. Ya ce wace mota, ga babur? Ya sa hularsa ya tsaya a gefena yana jira, ya ma rasa ta wane ɓangare ake hawa baya. Sai da na karkata masa shi.

Haka muka shiga gari, ni ɗanyar direba, shi a bayana. Na yi zaton zai cika mini kunne da gyara, amma har muka wuce kasuwa bai ce uffan ba. Hannunsa dai yana kan kafaɗata ta dama. Duk inda ya kamata a taka birki sai in ji yatsunsa sun matse ni, in za a ƙara wuta kuma sai in ji wuyan hannunsa yana murɗawa. Bai san yana yi ba. A danjar kusa da gidansu injin ya mutu mini, na baya suka fara hon, wani ya ce, "'Yar koyo, matsa mana!" Sai na ji ƙirjin Yaya yana girgiza a bayana. Ban waiwaya na ga ko dariya ce ba.

Anti tana tsaye a ƙofa da muka iso. Ta ga wanda ke gaba, ta ga wanda ke baya. Ta zo ta riƙe masa hannu ya sauko.

Yanzu ni nake biya masa kowace safiya in ajiye shi a shago kafin in wuce asibiti. Yana nan a kan benci. Ba ya hawa, amma har yanzu shi yake zagayawa da masu saye bayan shago, ya zauna a kan tayar nan yana cewa a durƙusa, a ɗaga kai. Ni kuwa na rabu da kwandasta, gajiya dai tana nan inda take. Kafaɗata ta dama kullum da tsami take kaiwa wurin aiki, kuma ban taɓa ce masa ya sassauta ba.