Zakina a Jikin Gorar Zoɓo

A aji huɗu na bar firamare, don na ga karatun ya ishe ni haka, na bar wa mabuƙata sauran. Abin da na fito da shi hannu ne. Shekaru na yi ina zane a bodin manyan motoci masu ɗaukar gyaɗa da gero, kuma duk direban da ya san mutuncin motarsa a yankinmu, zakina ne a bayanta. Da motocin katako suka ja baya, sai na koma allunan masu aski da masu shayi. Na faɗi wannan ne don a san ba ƙaramin mutum aka yi wa abin da za a ji ba.

Uwargidana tana yin zoɓo. A bakin gonarmu take shuka shi, tsakanin gero da iyakar maƙwabta, ta dafa da citta da kanumfari, ta ɗura a gorunan roba, ɗan acaɓa ya kai wa wani mai shago a tashar Makoda. Damuwarta biyu ce. Nata yana cakuɗewa da na wasu matan a cikin kular mai shagon, sannan gorunan ba sa dawowa, sai an yi ta bin kasuwa ana nema. Mai shagon ne ya ce ta sa a yi mata takarda a liƙa a jiki, yadda ake yi wa lemon kwalba.

Da na ji haka sai na miƙe. Na ɗauko burushina na wanke da kananzir, na shanya a inda za ta gani. Ta wuce shi sau da yawa da tsintsiya a hannu. Washegari da hantsi sai ga taubashina ya yi sallama.

Ɗan ƙanwar mahaifina ne, don haka bawana ne a wasa, kuma tun muna yara ban taɓa barin ya manta ba. Malamin allo ne, shi ke yi wa masu sauka zayyana. Ya zauna a tabarmata, ya zaro wata takarda daga aljihu, ya miƙa wa matata ta labulen zaure.

Na ce, "Kai bawa, wasiƙa ake rubuta wa matar ubangida?"

Ya ce, "Aikin ƙwararru aka nema, ranka ya daɗe. Ai an san kana nan."

Na karɓa na duba. Ba harafi ko ɗaya na Larabci a ciki, don ya san abin sha ne. Layuka ne kawai da 'yan gidaje da da'ira, ja da ɗorawa da kore, irin na allon sauka, ya bar fili a tsakiya don a rubuta zoɓo. Na tambaye shi ina zoɓon yake a zanen, ya ce yana cikin gorar. Daga bayan labule na ji ta ce, "Kai, Malam, hannun nan akwai albarka."

Mun tsufa tare da matar nan, na yi mata furanni a bangon ɗaki, na rubuta sunan 'ya'yanta a akwatunan makaranta. Yabon da ta taɓa yi wa hannuna shi ne, "To, ka wanke kafin ka ci tuwo."

Na shiga na ce mata, a gidan mai zane ba a fita sayen zane. Ta ce, "Maigida, ai kai na mota kake yi." Na ce gora ma tafiya take yi. Da ta ga ba zan ci abinci ba, sai ta yanke hukunci: in yi nawa, a buga duka biyun, kasuwa ta raba mu.

Na zana zaki. Me kuma zan zana? Na ba shi geza har ƙirji, ya ɗaga ƙafa ɗaya, wutsiya a miƙe, bayansa rana tana fitowa ja wur kamar zoɓon. A ƙasa na rubuta, Sha Ka Ji Ƙarfi. Da aka buga a shagon masu kwamfuta, har mai shagon ya ce bai taɓa ganin zaki mai fushi haka ba. Na taubashina kuwa ya ajiye gefe, ni ma na ga dacewar hakan.

Ranar kasuwa na shafa turare na tafi Makoda, na zauna a bencin mai shayi inda nake hango kular. Mata na zuwa, su ɗaga gora mai zaki, su ajiye da sauri kamar ta ƙona su, su ɗauki mai zayyana. Na ce a raina mata ne, tsoron dawa. Can sai ga wani dattijo sa'ana ya waiga hagu da dama, ya sayi zakina biyu, ya tura a aljihun babbar riga. Na ji daɗi, sai dai ɓoyewar ta tsaya mini a rai.

Kasuwa ta gaba dattijon ya dawo, ina zaune. Ya rage murya ya ce wa mai shago, "Ɗan nan, ku ji tsoron Allah. Na shanye biyun nan, ban ga komai ba. Zoɓo ne kawai."

A lokacin na tuna abin da kowa ya sani sai ni. A kasuwanninmu, kwalbar da ke da zaki da jan ruwa a ciki ta masu maganin maza ce, masu lasifika a kan mota. Mai shagon ya yi dariya har ya riƙe kula, kuma kafin in isa gida labarin ya riga ni.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Gorunan taubashina dawowa suka riƙa yi. Mutum zai shanye, ya ɗaga hannu zai jefar a kwata, sai idonsa ya faɗa kan zayyanar, hannun ya ƙi. Ba aya a jiki, amma wa zai yar da abin da ya yi kama da allon saukarsa? Sai ya mayar wa mai shago. Nawa kuwa na gan su a bakin tasha, awaki na tattaka zaki.

Taubashin ya zo yi mini jaje har gida. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce maganin bai yi aiki ba?"

Na ce, "Kai da tsoron mutane ka ci kasuwa, ba da zane ba."

Ya ce, "To, kai ma ai tsoro ka ba su." Matata ta aiko masa da gora mai sanyi. Ni aka kawo mini a kofin silba.

Yanzu duk yamma ni ke liƙa takardunsa a jikin goruna, don ta ce hannuna ya fi na kowa daidaita layi. Na karɓi wannan a matsayin yabo, tunda shi aka samu. Ina liƙawa ina kallon kore da ɗorawan nan, kuma har gobe ban ga abin da ke ciki ba.

Rannan na buɗe kularta ta gida in ɗebi ƙanƙara, sai na ga zakina a manne a cikin murfin. Na kira ta na nuna mata, na tsaya ina jiran maganar albarka.

Ta ce, "Jikoki ne suka dame ni da satar ƙanƙara. Tun da na liƙa shi ba wanda ya ƙara buɗewa." Ta rufe murfin, ta ce in ba ta wuri.

Da na gaya wa taubashina cewa nawa aikin ma yana cikin gida, a wurin da ta fi tsarewa, sai ya tambaye ni ko ana ganinsa in an rufe.