Kantar Bango da Igiyar Mama

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Mama ta buga ƙusa a bango ba. Mu 'ya'yan bariki ne. Baba soja ne, ɗakin bariki kuwa aro ne, yadda aka ba ka shi haka za ka mayar. Yau muna Kaduna, kafin mu gama sanin mai ƙosan layinmu an ce Inugu, daga can Makurɗi, daga can Maiduguri. Saboda haka kowane abu a gidanmu yana da kwalinsa, kuma kwalin ya fi abin daraja. Ka fasa kofi, Mama za ta yi faɗanta ta gama. Ka yaga kwalin kofi ka yi mota da shi, ranar sai maƙwabta sun shigo ba da haƙuri.

Sai kuma igiya. Wata shuɗiyar igiyar roba ce, doguwa mai kauri, da ita ake ɗaure kayanmu a bayan mota duk ranar tashi. Tana naɗe a ƙarƙashin gadon Mama. Ba a shanya da ita, ba a wasan tsalle da ita, ba a ba da aronta, balle a yi zancen yankawa. Ni ce babba, don haka ni ke riƙe bakin igiyar idan Mama tana ja, kuma har gobe tafin hannuna bai manta da zafinta ba.

Da Baba ya yi ritaya sai ya ce gida, gida kuwa Zuru. Shi da Mama duk 'yan ƙauyen Manga ne, don haka ya sami fili a bakin gari ta hanyar ƙauyensu, ya gina gida madaidaici da falo mai faɗi. Muka ɗaure kaya da shuɗiyar igiya, muka zo, muka sauke. Tun a makon farko Baba ya dasa mangwaro da gwaiba, yana zagaya su da safe da hannu a baya kamar yana duba fareti. Mama kuwa alayyafo ta shuka, shi ma a cikin tsohon bokiti mai mariƙi. Wata maƙwabciya ta kawo mata 'yar akuya kyautar maraba, Mama ta yi godiya har ƙasa ta mayar, ta ce akuya ba ta shiga kwali.

Damina ta wuce, wata ta sake wucewa, falonmu yana nan kamar ɗakin ajiyar kaya a tasha. Kwalaye jere a jikin bango an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa, talabijin a kan akwatin ƙarfe, bango ba fenti sai filasta. Baƙo in ya shigo sai ya ce, “Ashe tarewa kuka yi? Sannunku da aiki.” Baba ya kalli silin, Mama ta ce, “Yawwa, sannu.”

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a cikin gari, kusan kullum ina hawan kabu-kabu in leƙa su. Wata rana na tarar da Baba yana ba gwaibarsa ruwa, ya ajiye bokitin ya ce da ni, “Ke, na gina gida, amma uwarki ba ta iso ba tukuna.” Dariya ya yi da ya faɗa, amma ni na san Baba, abin yana cinsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa matarsa alkawarin wurin da ba wanda zai ce su tashi, ga wurin ya samu, ita kuwa tana zaune a ciki kamar mai jiran mota.

Na san dalilinta, don ina da wayo lokacin. A Makurɗi muka fi daɗewa, har Mama ta saki jiki. Ta nemi izini ta shafa wa ɗakinmu fenti ruwan ƙwai da hannunta, ta ɗinka labule, ta jera tangaran ɗinta a kan tebur. Fentin bai daina wari ba aka ce Baba ya tashi. Ranar ce kaɗai na ga Mama tana kuka a bayan mota, tana riƙe da kwalin tangaran a cinya. Daga nan ba ta ƙara yarda da wani bango ba.

Ƙanwata da ke aure a Abuja ce ta kawo shawarar a yi wa falon kantar katako ta jera kaya. Ta cika wayata da hotunan falukan mutane masu kantoci daga ƙasa har silin, wurin talabijin a tsakiya. Na nuna wa Mama, ta kalla ta ce, “Kabad ne? To, a yi.” A ranta kabad ne irin wanda maza za su kama su ɗora a mota. Ni da Baba muka kalli juna, ba wanda ya gyara mata.

Baba ya kawo kafinta, wani Bakabe mai fara'a da fensir a bayan kunne, tare da magini. Da magini ya ɗora kurfi a bango ya fara sassaƙa layin da katako zai shiga, sai ga Mama daga kicin da ludayi a hannu.

“Malam, me ya haɗa kabad da fasa bango? Ina ƙafafunsa?”

Kafinta ya ce, “Mama, wagga kanta ba ta da ƙahwa. Cikin bango za ta shiga, a kama ta da siminti da ƙusa.”

“To ranar tashi fa? Ta ina za a ɗaga ta?”

Bawan Allah ya dube ta da zuciya ɗaya ya ce, “Tashi zuwa ina, Mama?”

Magini ya dakata da sassaƙa. Baba ya yi gyaran murya ya ce, “Uwargida, sai dai mu ɗaure gidan gaba ɗaya da igiyar taki.” Ba wanda ya yi dariya sai shi. Mama ta juya ta koma kicin, muka ji murfin tukunya ya sha wahala.

Fushi ta yi sosai, amma fushin Mama ba ya hana abinci. Tuwon dawa da miyar kuka yana fitowa ga masu aiki a kan lokaci, sai dai ba fara'a. Tana wucewa ta falon kanta a gefe, kamar ba ta ga katakon maɗacin da aka jingina ba. Amma Mama ba ta iya ganin ana aiki ba daidai ba ta yi shiru, wannan duk barikin da muka zauna an shaida. Ranar da kafinta ya ja layin hawa na tsakiya da fensir, ta tsaya a bayansa ta ce, “Wannan ya yi gajere. Babban farantina ba zai tsaya a nan ba.”

Ya ce, “Kawo shi mu gwada.”

Ta ce ba sai an kawo ba, ta san tsayinsa, ta buɗe hannu ta nuna. Kuma da gaskiyarta, matar da ta naɗe farantin nan a zane sau ba adadi ta san shi fiye da fuskarta. Kafinta ya girgiza kai ya ce, “A'a hwa, Mama. Wagga in ta shiga bango ta shiga ke nan, babu gyara. In na yi da awon hannu ya zo bai yi ba, ni za ki riƙa zagi kullum kina shara. Hiddo shi in gani.”

Ta juya wajen kayanta. Sannan ta je ta yaye zanen da ke kan kwalaye, ta jawo ɗaya, ta kwance ɗaurinsa. Ni ina bakin ƙofa ina yi kamar ina duba waya. Ta fito da farantin, fari mai furanni shuɗaye a baki, kyautar matan bariki a wata tashi da muka yi. Kafinta ya tsayar da shi a jikin bango ya ja sabon layi, ya ce, “Mi ya saura?” Ai kuwa sai butar shayi ta ce ita ma a auna ta, sai kwanukan miya, sai agogon bango da bai taɓa ganin bango ba. Kafin la'asar kwalaye sun buɗe baki a tsakar falo, Mama ta ɗaura ɗankwali a kugu tana ba da umarni, Baba ya koma ɗan aike.

Daga nan aikin ya zama nata. Ita ta ce a bar wani lungu can ƙasa don tsohuwar 'yar tukunyar ƙasa ta kakarmu, wadda ta bi mu duk yawon nan a naɗe cikin bargo. Ita ta ce a sa ƙyaure a hawan ƙasa saboda jikoki masu hannun ɓarna. Ita ta shafa katako bayan an goge shi da sanfefa ta ce a ƙara.

Rigimar fenti kuwa ba a magana. Baba ya ce kore. Muka ce wane kore? Ya ce kore dai, irin mai kyau ɗin nan. Ƙanwata daga waya ta ce, “Baba, ƙofa kore, taga kore, akwati kore, riga kore, mun sha kore ya ishe mu har lahira.” Baba ya ce an yi masa juyin mulki a cikin gidansa. Muka juya ga Mama, ta kalli bangon, ta ce a hankali, “Ruwan ƙwai.” Na sunkuyar da kai don kada ta ga idona. Ita da kanta ta karɓi buroshi daga hannun mai fenti ta yi shafar farko. Da aka zo shafa wa katakon banish mai sa ƙyalli kuma, Baba ya jingina da kantar yana yi wa wani maƙwabci bayani, rigarsa ta manne, sai da ya fita daga cikinta ya bar ta a wurin. Ranar Mama ta yi dariya har da zama a ƙasa, kuma har yanzu in haske ya bugi gefen dama ana ganin zanen saƙar rigar.

Ranar jere ni da ita muka yi. Tangaran a hawan tsakiya, babban faranti a tsaye daidai wurinsa, hoton Baba da kaki a sama, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi kusa da hannu, tukunyar kaka a lungunta. A ƙasan wani kwali muka sami kofi ɗaya a tarwatse cikin zanensa, kofin da ba wanda ya taɓa kai shi baki. Na zaci za ta damu. Sai ta zube gutsattsarin a tafin hannu ta ce, “Ji banza. Da na sani da na sha shayi a cikinka.” Da yamma ta dafa shayi ta zuba mana a sauran, Baba yana riƙe da nasa da hannu biyu don tsoro. Muka rataye labule, aka buga wa agogo ƙusa, falo ya yi kyau har ni kaina ina ta fita ina sake shigowa don in gani.

Amma washegari da na zo, sai na ga kwalayen an ninke su tsaf an jingina a bayan ƙofar ɗakinta, shuɗiyar igiya a naɗe a kansu. Baba ma ya gani. Ya ɗauki bokitinsa ya fita wajen gwaiba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata mun fasa bango, mun sha warin fenti, ashe jere kawai muka yi, matar nan tana nan a kan hanya.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, Mama ta tafi kasuwa sayen shinkafa da kayan miya saboda ƙannena da za su zo. Muna tsakar gida ni da Baba muka ji kabu-kabu ya tsaya, muka ji kuka kamar na jariri. Sai ga Mama a bayan babur, ba shinkafa ba kayan miya, ta rungumo wata jar akuya mai ciki, mai babur yana ta mita an yi masa fitsari a kujera.

Ta sauka ta ce, “Baban yara, riƙe min.” Baba ya riƙe ƙahon akuya yana waige-waige, yana cewa da ni in duba ko akwai wani tsumma da za a ɗaure ta. Mama ba ta saurare mu ba, ta shige ɗaki. Ta fito da shuɗiyar igiya a kafaɗa, kwalaye a hammata, wuƙar kicin a hannu. Ta shimfiɗa kwalayen a gindin katanga inda akuyar za ta kwanta. Ta warware igiyar, ta auna gaba biyu, ta miƙo min ta ce, “Ke, riƙe nan.” Na riƙe bakin igiyar kamar yadda na saba tun ina yarinya, ta ja ta yi tauri, ta ɗora wuƙa ta yanke.

Ta ɗaure akuyar a turke, ta miƙa wa Baba sauran igiyar ta ce ya ja mata daga katanga zuwa taga, tana son wurin shanya. Baba ya karɓa, ya tsaya yana kallonta. Sannan ya haɗe ƙafafu, ya miƙe ƙyam da silifas ɗinsa, ya ce, “Sannu da zuwa, uwargida. Yaya hanya?”

Mama ta goge wuƙar a gefen zanenta ta ce, “Lafiya lau, maigida. Ta dai yi nisa.” Ta shiga falo ta zauna a kujerar da ke fuskantar kantar, ta ce in kawo mata ruwa a kofin tangaran.