Furannin Sukari a Cikin Firij

Har yau idan na ji ƙarar buɗe ƙofar firij ina tsakiyar murza kwaɓin sukari, sai in ɗago a fusace. 'Yan matan da ke koyon aiki a shagona sun ɗauka masifa ce kawai ta tsufa. To, bari ku ji daga inda masifar ta samo asali.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya lokacin, muna zaune a Ƙofar Taramniya. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun shigo, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane magidanci ya rasa inda zai sa kansa. Wani ya sayi babur, wani rediyo mai kaset. Babanmu firij ya sayo, ya kafa shi a falo inda duk baƙon da ya shigo sai ya gani, ya sa aka ɗinka masa mayafi mai leshi.

Inna kuwa abin da ta mallaka ɗan obin ne na kwano, abin gashi da ake ɗorawa kan risho. Maƙwabciyarmu ce ta koya mata gasa kek, wata malamar makaranta Kirista daga wajen Jos, wadda muke kira Mama. Ita ta nuna mata kwaɓin sukarin nan da yanzu ake ce wa fondan, wanda ake murzawa a yanka furanni a jera bisa kek. Amma dabarar busar da su da sauri ta Inna ce. Ƙaro take saya wajen masu haɗa tawada a Hubbare, ta zaɓi fari tas, ta daka, ta tankaɗe, ta zuba ɗan kaɗan a kwaɓin. Ta murza shi siriri, ta barbaɗa wa faifai garin masara, ta jera furannin ƙarƙashin fanka. Kwana biyu sun yi ƙarau. Mama da kanta ta dawo tana koyo wajenta.

Baba bai taɓa son sana'ar ba, wasan yara yake ce mata. Sai da shugabansa na ofis zai aurar da ɗa, aka ce ana neman kek irin na Turawa, sannan ya tuna yana da mata mai hannu. Ya yi alkawari ba tare da ya tambaye ta ba, ya dawo ya kafa mata sharaɗi: in ta fid da shi kunya, ta ci gaba da sana'arta, in kuwa aka yi masa dariya, obin zai bar gidan.

Tsakiyar damina ce, a watan da gishiri ke jiƙewa cikin kwano. Walima ranar Juma'a bayan la'asar. Ran Laraba Inna ta yanka furanni arba'in, jajaye da farare, ni ina shafa masu gari. Ran Alhamis da azahar sun fara ƙarfi amma da saura, ta leƙa gidan Mama aron babban faranti, ta bar ni gadi.

Sai ga Baba ya dawo daga ofis. Ya latsa fure ɗaya da yatsa, ya ji ya lotsa, ya ɓata rai.

"Mi a wanga? Gobe-gobe za a kai abu shina laushi? Ɗauki ki sa hirij."

Na ce Inna ta ce sanyi da laima ke kashe su.

"Ke da uwakki kun hi wanda yaƙ ƙera hirij ilimi? Ruwa ma shina zama dutse ciki. Ɗauki, nic ce!"

Na ɗauka. Da hannuwan nan nawa na jera faifai uku a ciki, ina kuka. Ya murɗa sanyin har ƙarshe, ya kulle da ɗan makullin da ke jikin ƙofar, ya jefa aljihu. Da Inna ta dawo ta roƙe shi, ta kira shi Malam ya fi sau goma, har da durƙusawa. Ya ce ta jira ta ga ikon zamani.

Da safe ya buɗe ya fito da su yana murmushi. Furanni sun yi tauri, ya ƙwanƙwasa ɗaya da farce ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya hau keke ya tafi aiki yana mai nasara. Bai kai bakin titi ba suka fara zufa. Ganyen furannin ya langaɓe, jan ya zubo cikin farin, kafin hantsi faya-fayan nan sun koma kamar an zubar da kunu. Abin da ya fi ƙona mani rai ke nan: bai ma tsaya ya gani ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta sake kwaɓi, ta ninka ƙaro, ta soya yashi a kasko, ta juye a tire, ta shimfiɗa takarda ta jera sababbin furanni a kan ɗuminsa. Mama ta tashi daga makaranta ta zo tana fifita da mafici. Hadari ya haɗu, aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Zuwa la'asar bakwai kaɗai suka bushe. Haka aka kai kek mai hawa uku da furanni bakwai, kamar kan da aka yi wa aski rabi.

An yi dariya kuwa. Kawuna da ya je ya ce Baba ne ya fara dariyar, ya ce wa mutane aikin mata ke nan, sai haƙuri. Washegari ya ba mai gwangwan obin. Inna ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ya faru ba, ni ma ta hana ni. Ta rayu shekara ashirin da shida bayan nan, ba ta sake taɓa garin sukari ba. Na so ta kamar raina, amma shirun nan nata ma ina jin haushinsa.

Wajen Mama na ƙarasa koyo a ɓoye. Yanzu ina da shago, da na'urar busarwa, da garin kanti mai sa kwaɓi ya ƙame cikin awa uku, ko da yake har gobe ba na rabuwa da ƙaro. Mata suna fita sana'a ba wanda ke kafa masu sharaɗi, in ma an kafa ba sa durƙusawa.

Shekarun baya, ranar sunan jikata, na kai wa Baba yankan kek da fure ɗaya a kai. Ya tsufa, Inna ta daɗe da rasuwa. Ya juya furen a hannu, ya ce, "Ke kam kin iya. Uwakki ta gwada, Allah shi jiƙan ta, abin bai karɓe ta ba."

Shekara arba'in ina riƙe da maganar, ranar ta fita. Na ce, "Baba, ta iya. Kai kas sa ni in sa su hirij."

Ya dube ni da gaskiyarsa, ba wasa a fuskarsa, ya ce, "Wane hirij?"