Jinin Rabi da hannun Hajara

Ranar da ba ta fita raina ba wata Talata ce cikin rani. Mu huɗu ne a ɗakin awon jini: Dokta Sanusi mai binciken, Madam Lidiya 'yar Tibiri, wadda ita ce majo, wato shugabar ɗakin, sai ni Zinaru mai shara da wanke kwalabe, sai wata mata daga Jiratawa riƙe da karne, wato katin asibiti.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ga yadda Dokta ya taɓa yi mani bayani. Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana masu rabuwa biyu-biyu, kuma akwai wani sinadari da ke taya su rabuwar. In ciwon daji ya kama, rabuwar ba ta tsayawa, sinadarin yakan yi yawa a jini. Shi yana so ya gane ko awonsa zai iya nuna ciwo na ja da baya ko yana ci gaba. Don haka duk wata ake ɗibar jinin matan da suka yarda, a sa firigo ya yi sanyi, a auna.

Cikinsu akwai Rabi, mai noman albasa, wadda aka yi wa aikin nono. Nata awon kullum sama yake. Ran nan sai ga shi ya faɗo kamar na mai lafiya. An ɗebi jinin ne makon da ya wuce, ina Tibiri wajen gaisuwar rasuwa, Madam na hutu, wani sabon ma'aikaci ya duba karne ya tsira allura. Dokta kuwa mata da yawa yake gani, kuma ba ya ɗaga ido ya kalli matar mutane. Yana murna ya ce hoton da za a yi mata ma zai iya jira.

Ni ban iya karatu ba, karne bai gaya mani kome ba. Hannu nake kallo. Wata bakwai ina riƙe wa Rabi auduga, na san tabon ƙuna a wuyan hannunta na hagu. Hannun matar nan da ta zo da karnen Rabi kuwa sumul yake.

Na jingine tsintsiya na ce, “Dokta, dakata da rubutun nan. Ke, ina Rabi?”

Ta gyara hijabi, ta ce ita ƙanwarta ce, Hajara, kuma jininta ne aka ɗiba wancan makon. Wai ranar layin ruwansu ya zo a gonar rani, ga Rabi ba ta iya zaman kabu-kabu saboda ciwon baya. Dokta kuma ya sha jan kunnensu kada su saɓa rana, suka ji nauyin ba shi kunya.

“Inna, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Jininmu ai ɗaya ne.”

Ba ƙarya ta zo yi ba. A wajenmu ana wakiltar mutum wajen suna, ana wakiltar shi wajen gaisuwa, ba wanda ya ce masu allura daban take. Madam ta zaunar da ita, ta yi mata bayani a hankali. Dokta ya soke awon, sannan ya tambayi tun yaushe bayan ke ciwo. Ta ce ya kai wata biyu. Ya ce hoto ba zai ƙara jira ba, gobe yake son ganinta.

Ya ce da ni, “Inna Zinaru, yau kin fi na'ura.” Na ce mashi na'ura ba ta yi laifi ba, abin da aka ba ta shi ta auna.

Tun daga nan Madam ta kafa doka: ba a ɗibar jini sai wanda ya san mai shi ya gan ta, kuma a gaya wa kowace mace tun farko cewa nan ba a aiko wakili. Ku sabbin shiga, ku riƙe wannan. Mutanenmu ba su ƙi magani ba, kunya ce ke sa su kuskure. Kafin ku karanta takarda, ku dubi mai ita.

Washegari ban ɗauki tsintsiya ba. Na shiga motar asibiti zuwa Jiratawa da matashin kai biyu. Na iske Rabi kwance kan tabarma, na kama hannunta na hagu na juya, na ga tabon, sannan na ce ta tashi mu tafi.