Tabarau Mai Bidiyo da Sallamar da Ban Amsa Ba

Shekarun baya, a ƙarshe-ƙarshen mulkin soja, lokacin da mutum zai ajiye mota a layin mai ya tafi gida ya dawo washegari ya same ta inda ya bar ta, wani tabarau ya kusa raba ni da matar da nake aure yanzu. Har yau in na tuna sai haushi ya taso mini, kuma rabin haushin na abokina ne.

Abokin nan nawa mai gyaran rediyo da talabijin ne a Unguwar Rogo. Kirista ne, aikin koyarwa ya kawo iyayensa Sakkwato daga wajen Filato, tare muka yi firamare. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda: duk tarkacen lantarkin da Turawa suka gaji da shi, in ya biyo kayan gwanjo ya iso garin nan, to a shagonsa zai sauka. Ni kuma ina tsaron shagon yadin mahaifina a kasuwa. Manyana sun riga sun kai gaisuwa gidan su yarinyar da nake nema, amsa kawai ake jira. Marainiya ce, baffanta ne ya riƙe ta, shi ne kuma waliyyinta. Dattijo ne mai sayar da hatsi, gidansa a Hubbare. Kowa ya gargaɗe ni cewa ba ya aika mutum bincike, da ƙafarsa yake zuwa ya ga mai neman 'yarsa, kuma ba ya faɗin rana.

Wata Asabar da hantsi abokina ya zo har kasuwa ya janye ni, wai ya samo abin da ko gwamna bai taɓa gani ba. Da muka isa shago ya zaro shi daga kwali. Wani baƙin tabarau ne mai kauri, mai nauyi kamar bulo, da maɗauri ta ƙeya, da 'yan lasifika biyu masu toshe kunne, da waya mai tafiya zuwa akwatin bidiyo. Wai in ka saka, sinima guda za ta buɗe a gaban idonka kai kaɗai. Tun a ƙasar da aka ƙera shi ya tsufa. Soson da ke jikinsa ya ruɓe yana zubar da baƙin gari, gefe ɗaya kuma an ɗaure shi da salatif.

Kafin ya kama sai da muka sha wahala. Wutarsa ba irin tamu ba ce, sai an bi da ita ta taransifoma. Hoton ya zo ba kala, yana gudu sama kamar an kore shi. Abokina ya murɗa nan, ya mari can, ya hura wani rami da baki. Zafin garinmu kuwa kun san shi, ina ɗora abin a fuska gumi ya rufe gilashin. Na ce ni na haƙura. Ya ce, “Kai dai zauna, saura kaɗan. Ka taɓa ganin na fasa abu a hanya?” Na gani mana, shagon cike yake da su.

Can sai hoton ya tsaya. Kaset ɗin kokawar Turawa ne, waɗansu ƙatti masu ɗan kamfai suna jifa da juna. Gaskiya dai abin ya burge ni, ji na yi kamar ina bakin fili. Kafin in nutse na ɗaga tabarau na ce masa ba na ji ba na gani, in wani ya zo ya taɓa ni. Ya ce in kwantar da hankalina, yana nan a ƙofa. Na miƙe ƙafafu a kan benci, na jingina da bango, na tafi.

Ashe ina mayar da abin a fuska ya ji labarin an fara sayar da mai a wani gidan mai, ya suri jarka ya fita.

Sauran labarin mai facin tayar da ke kusa da shagon ne ya ba ni daga baya, yana yi yana share hawayen dariya. Baffa ya je kasuwa bai same ni ba, aka kwatanta masa shagon. Ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. A ta uku ya matso har ya miƙo mini hannu, dattijo guda, ni kuwa tafin ƙafata na kallonsa, fuskata a rufe da baƙin abu, ina kai wa iska naushi ina cewa, “Ɗaga shi! Buga shi da ƙasa!” Ya janye hannunsa ya sa a aljihu. Ya tambayi mai faci ko ni ne wane ɗan wane, aka ce ni ne. Ya juya ya tafi.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba. Na tashi da jiri da ciwon kai, na koma gida da baƙin zobe kewaye da idanuna. Bayan kwana biyu mahaifiyata ta kira ni ɗaki ta sa na rufe ƙofa.

“Hwaɗa mini gaskiya, mi kaka sha?”

Na ce ban gane ba.

“Baffan yarinyag ga ya aiko a dakata da magana. Ya ce ya ishe ka da rana tsaka kana dambe da waɗanda ba a gani, ya yi sallama ba ka amsa ba, ya ba ka hannu ka ƙi. Ko ƙwaya ta, ko taɓuwa. Ni ma na ga idanunka ran nan.”

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ta saurara tsaf, sannan ta tashi ta sa mini hayaƙi. Yarinyar kuma aka hana ta fitowa zance. Na ji kamar in haɗiye zuciya, don ina son ta ƙwarai, ga shi zan rasa ta a kan tsohon soso da salatif.

Na je na sauke wa abokina kwandon masifa. Ko a jikinsa. Cewa ya yi, “To mu kai wa baba abin ya gani da idonsa.” Ba ni da wata dabara, na yarda. Kawuna ya roƙa mana izini, muka ɗaure akwatin bidiyo da taransifoma a bayan kabu-kabu, wato babur ɗin haya, muka nufi Hubbare.

Muka cire takalma tun daga waje, muka durƙusa a zaure. Baffa ya amsa gaisuwata a taƙaice, yana kallon idanuna. Abokina ya gama jona wayoyi, sai aka ɗauke wuta. Muka zauna jira. Da aka dawo da ita, tabarau ya ce bai san zance ba. Abokina ya murɗa, ya mara, ya hura, gumi na ɗiga daga haɓata a kan tabarma. Baffa ya ce, “Wanga shi na shaidar taku?” Na ce, “Allah shi gahwarta malam, yanzu za shi kama.” A raina kuwa ina tsine wa wanda ya ƙera shi da jirgin da ya ɗauko shi.

Da ƙyar ya kama. Mun shirya kawo kaset na mutunci, amma na kokawar nan ya maƙale a cikin akwatin ya ƙi fita, don haka shi ɗin dai aka kunna. Baffa ya tura hularsa baya, ya yi bisimilla, aka ɗaura masa. Da farko ya zauna ƙiƙam. Can na ga kafaɗarsa ta motsa. Can ya dunƙule hannu.

Daidai nan limamin unguwarsu ya yi sallama a ƙofar zaure. Mu muka amsa daga ƙasa, maigida bai motsa ba. Liman ya sake yi, da ƙarfi, ya shigo ya miƙa masa hannu. Baffa ya daki cinyarsa ya ce, “Kada shi, ragon banza!” Ban san lokacin da na rarrafa na taɓa masa ƙafa ba. Ya fizge tabarau, ga baƙin zobe a idanunsa, ga liman tsaye da hannu a miƙe. Ya yi ta ba da haƙuri, liman ya faɗi abin da ya kawo shi ya fita yana waiwaye.

Ni na ɗauka na ci shari'a, har na fara murmushi. Baffa ya juya abin a hannunsa, ya ajiye shi nesa da shi.

“Na yarda lahiyarka lau,” ya ce. “Amma yanzu niƙ ƙara jin tsoro. Mahaukaci ma in ka kira sunanai shina waigowa. Abin ga kuwa, mutum shina gabanka, ba shi nan. Ɗiyata marainiya ta, ba ta saba roƙo ba. In ta kira ka sau guda ba ka ji ba, ba ta ƙarawa, sai ta haɗiye abinta. Za ka ji ta?”

Murmushin ya tsere. Na ce zan ji. Ya ce in je in turo manyana.

Abokina har gobe yana gaya wa mutane shi ya haɗa aurena, kuma in na tuna masa jarkar mai sai ya ce ai ya samo man. Tabarau ɗin bai sake kamawa ba tun daga ranar, yana can cikin tarkacensa. Baffa ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa.

Abin da ke ba ni takaici yanzu shi ne, wancan sai da taransifoma da kabu-kabu muka iya ɗaukarsa, na yau kuwa yana cikin aljihun kowa, har da nawa, da shi ma nake rubuta muku wannan. Ka shiga gida ka yi sallama, mutum biyar a zaune, babu mai ɗaga kai. Ni dai tsohon nan bai yi mini ƙarya ba a kan 'yarsa. Mun yi jikoki, amma har yau sau ɗaya take kirana. In na ji muryarta daga tsakar gida, ko me nake kallo, kife wayar nake yi in amsa.