Fiyus ɗin da Baba Direba Ya Ɓoye

Shekara talatin da biyu Baba Direba ya yi yana jan motar wani kamfanin magunguna, ko fenti bai taɓa gogewa ba. Da ya ajiye aiki suka sayar masa da tsohuwar farar motar da ya saba da ita, ya kafa mata rumfa tun kafin ya gyara yoyon ɗakin kwanansa. Ita ke kai matan layin asibiti in naƙuda ta tashi. Sai ga shi wata huɗu ke nan tana tsaye, kaji na sheƙe ayarsu a ƙarƙashinta.

Kullum da hantsi zai ɗaga murfin inji, ya kwance filogi ya goge, ya kankare kan batir da wuƙa, ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya yi ta gurnani, ya ƙi kamawa. Bakaniken bakin titi ya sha cewa, "Baba, ka bar ni da ita rabin awa mana."

"Kai da na san ranar da aka yaye ka? Je ka ci gaba da kashe motocin mutane."

Lafiyar motar ƙalau. Idanunsa ne suka soma yin hazo, bai gaya wa kowa ba. Wata rana a mararrabar kasuwa ya hango wani abu kamar buhu a tsakiyar titi, ya taka birki don kawai kada ya ɓata taya. Buhun ya miƙe yana kuka, ashe yarinya ce ta tsuguna ɗaukar takalminta. Ya dawo gida, ya buɗe akwatin fiyus, ya laluba ya zare na famfon mai, ya cusa wani ƙonanne a gurbinsa don ko an leƙa a ga komai a cike. Mai kyan ya jefa a kwalin ashana, ya sa a aljihu. Ya gwammace a ce motarsa ta mutu da a ce Baba Direba ya daina gani. Yana gaya wa kansa don 'ya'yan mutane ya yi haka, kuma gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba.

Ranar wata Talata, wajen tara da rabi na safe, ya ji tukunya ta faɗi a kicin, sai ihun Auta, 'yarsa ta ƙarshe, malamar makarantar da ke hutu a gida.

"Baba! Baba, Mama ta faɗi! Bakinta ya karkace, hannunta ba ya motsi!"

Masu motoci a layin duk sun fita aiki. Auta ta buga wa mai tasi, ya ce yana can wani gefen gari, sai nan da awa ɗaya. Baba Direba ya daɗe yana kai magani asibitoci, ya san irin wannan faɗuwa ba ta jiran awa ɗaya.

Ya fita rumfa a guje ba takalmi, ya ɗaga murfin inji, ya zaro kwalin ashana. Garin sauri ya tura kwalin a kife. Komai ya watse cikin tsakuwa.

Ya durƙusa yana shafa ƙasa. Tsinken ashana. Dutse. Wani tsinken. Kashin kaji. Ya shiga jan Innalillahi, tsakuwa na sukar gwiwoyinsa bai ji ba.

Auta ta fito ɗankwali a hannu. "Baba, me kake yi a ƙasa? Ka taso mu nemi ko mai babur ne!"

"Wa zai ɗora ta a babur? Motar za ta tashi."

"Motar da ta yi wata huɗu tana—"

"Na ce za ta tashi! Duba min nan, wani ɗan abu ne shuɗi, bai fi haƙori ba."

Ta tsuguna ta duba, ta leƙa ƙarƙashin mota, ta watsa tsakuwa da tafin hannu. Babu. Daga ciki wata maƙwabciya da ihun ya jawo ta ɗaga murya, "Ku yi sauri don Allah, numfashinta na sauyawa!"

Dabara ɗaya ta rage, wadda kowane tsohon direba ya sani: a ciro fiyus ɗin wani abin da za a iya haƙura da shi, in dai lambarsu ɗaya, a sa a gurbin wanda ya mutu. Amma sai an karanta lamba. Ya riƙe murfin akwatin fiyus daf da hancinsa, zanen da ke ciki ya zame masa toka-toka.

"Karanta min. Wanne ne mai lamba goma sha biyar?"

"Ga shi a hannunka, Baba."

"Auta." Muryarsa ta sauka. "Ba na gani. Ni na cire na famfon mai da hannuna. Babu abin da ya sami motar nan."

Ta dube shi, baki buɗe. Wata huɗu uwarta na takawa a ƙasa zuwa awon jini, wani zubin ta fasa don ciwon ƙafa. Ya san abin da take lissafawa ke nan, don shi ma shi yake lissafawa.

"Ki zage ni anjima," ya ce. "Karanta."

Ta fizge murfin. "Na hon, goma sha biyar ne."

"Zare shi. Ga filaya. Na uku a layin hagu, shi ne ƙonannen, jefar da shi. Danna sosai sai ya zauna."

Ya shiga ya murɗa makulli rabi, ya kasa kunne. Daga bayan mota famfon ya yi ɗan zuuu. Ya ƙarasa murɗawa, inji ya yi tari biyu ya kama.

Mata biyu suka taya Auta kinkimo Mama zuwa kujerar baya. Shi kuwa yana zaune, hannu biyu a sitiyari, ƙafa a kan kuloci. Ƙofar gida a gabansa wani fari ne kawai mara baki. Auta ta tsaya a jikin tagarsa. Ta iya tuƙi shekara biyar, bai taɓa ba ta makullin motar nan ba.

"Baba, sauko."

Ya sauko, ya koma baya, ya ɗora kan matarsa a cinya.

Ba su da hon. Da suka shiga cunkoson kasuwa, ya zura hannu ta taga yana dukan ƙofa da tafi, yana ƙwala ihu, "Hanya! Mara lafiya! Ku ba da hanya don girman Allah!" Tsakanin ihu yana faɗa wa Auta titi da ka: "Akwai rami bayan gidan mai, riƙe dama. Sa giya ta biyu, kada ta mutu miki. Maman yara, kina ji na? Matse hannuna." Hannunta na hagu ya ɗan matse nasa.

A asibiti aka shige da ita a kan gadon turawa. Suka zauna a benci, Auta can ƙarshensa. Da aka jima wani farin abu ya nufo su. Baba Direba ya lalubo hannunta.

"Likitan ne? Yaya fuskarsa take?"

"Ban sani ba, Baba. Saurara."

Likita ya ce sun zo a kan lokaci, an fara mata magani, rai dai da sauƙi, amma hannun da maganar sai a hankali, ba zai yi alkawari ba. Sannan ya ce, "An ce daga ƙarshen gari kuke. Wa ya kawo ta da sauri haka?"

Baba Direba ya nuna Auta.

"'Yata ce," ya ce. "Ita ke jan motar."